Tayar da na zaɓa da hannuna

Shekarar da na gama sakandare ban samu shiga jami'a ba. Sakamakona ya yi kyau, har da kiredit a lissafi, amma gurbi bai samu ba, aka ce in jira baɗi. Wata biyu ina zaman gida, daga barci sai latsa waya, har ranar da Mama ta gaji ta ce gobe da sassafe in bi Kawu wurin aiki. Kawuna mai faci ne. Rumfarsa tana bakin titi a Kano, da injin iska mai ƙara kamar zai tarwatse, da bahon ruwan da ake tsoma taya a gano inda take yoyo, da tulin tayoyin gwanjo waɗanda ake kira Beljiyam. Gaskiya ina jin kunya na tafi. Duk mai babur ɗin da ya tsaya sai gabana ya faɗi, kada ya zama ɗan ajinmu ne ya gan ni da baƙin hannu.

A ranar farko Kawu ya gangaro mini da wata taya, ya goge gefenta da tsumma, ya ce, "To ɗan boko, karanta mini wannan."

Na karanta: 195/65 R15 91H. Kamar lambar waya na karanta ta.

"Madalla. Me take nufi?"

Na yi shiru. Kawu bai wuce firamare ba, amma ranar shi ne malami, ni kuma da takardar WAEC ɗina na tsuguna a gabansa. Ga abin da ya koya mini, kuma in kuna da mota a gida ko a maƙwabta ku je ku duba da idonku, za ku same shi a rubuce.

Lamba ta farko, 195, faɗin tayar ne daga wannan gefe zuwa wancan, a ma'aunin milimita. Ta biyu, 65, ita ce ta fi rikita mutane, domin ba milimita ba ce, kaso ne. Tana nufin tsayin gefen tayar, daga bakin rim zuwa inda take taka ƙasa, kashi 65 cikin ɗari ne na faɗinta. Ku ɗauki biro: kashi 65 cikin ɗari na 195 ya kama milimita 127 saura kaɗan. Shi ya sa idan kuka ga motar 'yan gayu da siririyar taya kamar an shafa ta a jikin rim, za ku tarar lambarta 45 ce ko 40. Tana da kyan gani, amma rami ɗaya na titunanmu ya isa ya lanƙwasa rim ɗin. Harafin R yana nufin ƙirar radiyal, wato zaren da ke cikin jikin tayar ya taso ne daga baki ɗaya ya ƙetara kai tsaye zuwa ɗaya bakin. Kamfanin Michelin na Faransa ne ya yi rajistar wannan ƙira a 1946, yau kuwa kusan duk ƙaramar mota ita take takawa. Sai 15, girman rim ɗin da tayar za ta zauna a kai, shi kuma da inci ake auna shi. Milimita a gaba, inci a baya, a layi ɗaya. Da mu ne muka haɗa ma'auni biyu haka a jarrabawa, da malamin lissafi ya ja mana jan biro.

Na ce, "Kawu, saura 91H."

Ya ce, "Wannan na gobe ne. Riƙe na yau tukuna."

Goben nan ban taɓa tuna masa da ita ba. Me zan yi da ita? Mai saye yana zuwa ya ce a ba shi mai lamba sha biyar ko sha huɗu, in shiga tuli in fito da ita cikin minti ɗaya. Na iya cire taya, na iya faci, na iya ɗaure noti. Direbobi suka fara cewa yaron Kawu akwai kai. Ni ma na yarda akwai kai.

A ƙarshen watan Maris na 2022, ana saura 'yan kwanaki a fara azumi, aka yi bikin yayata. Kun san yadda bukukuwa suke cunkushewa a wannan lokaci. An kai amarya Birnin Kudu, aka sa ranar kai gara. Wani maƙwabcinmu mai tsohuwar mota ƙirar Jamus ya ce zai kai, a ba shi kuɗin mai kawai. Ana gobe tafiya ya zo rumfa, ya ce tayarsa ta baya ta dama ta cinye, a sa masa ta gwanjo mai kyau. Kawu ya tafi jana'iza, ni kaɗai ne. Na shiga tuli na zaɓo wadda ta fi kowace zurfin zane. Baƙa wuluk, zanenta har yatsa yana nutsewa. Lambar girmanta daidai da ta motar. Na ɗaura, na buga iska, na karɓi kuɗi. Har na ce masa, "Malam, wannan kamar sabuwa ce."

Washegari da hantsi aka fara lodi. Buhun shinkafa huɗu, buhun fulawa, buhun sukari, jarkar mai biyu, sai manyan robobin alkaki da nakiya da dubulan. But ɗin ya ƙi rufuwa, aka ɗaure shi da igiya. Mata huɗu a baya, cikinsu har da Gwaggo, ƙanwar Baba. Ni da wani ɗan uwanmu muka matse a kujerar gaba. Bayan motar ya yi ƙasa, gabanta ya ɗaga kamar tana kallon sama. Wata daga cikin matan ta ce ko a yi sawu biyu, aka ce wa zai biya man sawu na biyu.

Kafin mu tashi Malam ya zagaya ya danna bakin kowace taya da tsinken ashana, iska ta yi ta fita. Na tambaye shi, ya ce rana ta yi zafi, kwalta kamar wuta, in taya ta cika tam fashewa take yi. Maganar ta yi mini daidai a kunne. Ban ce komai ba.

Mun wuce gadar Wudil ba da nisa ba muka ji ƙara kamar an harba bindiga. Bayan motar ya fara wutsil-wutsil. Salati ya kaure. Abu ɗaya da zan yaba wa Malam har abada shi ne bai danna birki da ƙarfi ba. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya bar motar tana rage gudu da kanta. Daga baya na gane abin da ya kamata a yi ke nan, domin birki mai ƙarfi a irin wannan hali shi ke juya mota. Duk da haka nauyin da ke baya ya rinjaye shi, muka gangara gefen hanya, motar ta daki tudun ƙasa ta tsaya. Jarka ɗaya ta fashe. Alkaki ya watsu cikin yashi. Kowa ya fito da ƙafarsa, sai Gwaggo da ta fito tana riƙe da hannun dama, ba ta kuka, ba ta magana. Ta karye a wuyan hannu.

Na zagaya baya na duba. Ta dama ce. Tawa.

Da yamma Kawu ya zo da wata mota. Bai ce mini uffan ba. Na ga ya tattara ragowar tayar ya jefa a but. Da safe na iso rumfa na tarar ya ajiye ta a inda nake zama.

"Karanta," ya ce.

Na fara, "Ɗari da casa'in da biyar…"

"Ba nan ba. Nan."

Ya ɗora yatsa kusa da bakin rim, inda aka rubuta DOT da wasu haruffa a jere. A ƙarshen layin akwai lambobi huɗu cikin ɗan zagaye mai kama da ƙwai: 3809.

Wannan ita ce ranar haihuwar taya. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Mako na 38 na shekarar 2009, wato cikin watan Satumba. Tayar da na kira kamar sabuwa ta haura shekara goma sha biyu. Lokacin da aka ƙera ta ko firamare ban yi nisa ba. Tun daga shekarar 2000 ake rubuta lambar da guda huɗu. Idan kuka ga mai guda uku, to kafin shekarar 2000 aka ƙera ta. Roba tana tsufa ko ana hawa ko ba a hawa. Tana bushewa, tana yin ƙananan tsaga a gefe da cikin ramukan zane, mannewar da ke tsakaninta da wayoyin ƙarfen ciki tana raguwa. A tasha za ku ji ana cewa taya tana ƙarewa bayan shekara huɗu. A jikinta dai babu ranar ƙarewa, ranar ƙira kawai ake rubutawa. Michelin suna ba da shawarar a riƙa kai taya ana dubawa duk shekara idan ta kai biyar, a cire ta idan ta kai goma komai kyan zanenta. Ko da wane ma'auni aka bi, tawa ta daɗe da wucewa.

Kawu ya juya tayar ya nuna mini wani abu kuma: haruffan M+S, da ɗan hoton dutse mai ƙololuwa uku da tauraron ƙanƙara a ciki. Tayar hunturun Turai ce. Robarta mai laushi ce, an haɗa ta don ta kama hanya cikin sanyi da dusar ƙanƙara, shi ya sa ma zanenta ya yi zurfi haka. Abin da ya ruɗe ni ke nan. Na ɗauki tayar da aka yi don garin da ruwa ke daskarewa, na ɗora ta a kwaltar Wudil a watan Maris.

Sannan ya ce, "Yau ce goben da ka ƙi tambaya."

Lambar 91 ba kilo 91 take nufi ba. Lambar jadawali ce, kuma akwai jadawalin manne a bangon rumfar, wata shida ina jingina da shi ban taɓa karantawa ba. A jadawalin, 91 tana nufin taya ɗaya za ta iya ɗaukar kilo 615. Idan 82 ce, kilo 475. Idan 95 ce, 690. Idan 100 ce, kilo 800. Harafin da ke biye shi ne iyakar gudu: T kilomita 190 a awa, H 210, V 240. Kada wani ya ce ai ba mai gudun 210 a hanyar Birnin Kudu. Harafin yana nuna yadda tayar ke jure zafin da gudu ke haifarwa, kuma alkawarin duka biyun, na nauyi da na gudu, an yi shi ne a kan lafiyayyar taya mai cikakkiyar iska. A tayoyin bas-bas na haya za ku ga harafin C bayan lambar rim, da lambobi biyu kamar 106/104. Waɗannan an ƙarfafa su don lodi: kilo 950 idan taya ɗaya ce a gefe, 900 kowace idan an jera biyu. Bas ɗin da aka sa wa tayar ƙaramar mota don ta fi araha, ko lambar rim ta zo daidai, an cuci fasinjojinsa.

Ni da kiredit ɗina nan take na buga lissafi. Na ce, "Kawu, 615 sau huɗu ai 2,460 ne. Ba mu kai haka ba."

Ya ce, "Buhunan a kan taya huɗu kuka ɗora su?"

Nan na gane. Kayan duk a but suke, but kuwa yana bayan tayoyin baya. Kamar wasan lilon katako ne, in mai nauyi ya zauna a ƙarshe ɗaya gefen ɗagawa yake. Tayoyin gaba suna hutawa, na baya biyu suna ɗauke da buhuna, da mata huɗu, da nasu kason na jikin motar.

Da aka jawo motar gida muka je muka duba ta tare. A jikin ginshiƙin ƙofa akwai ɗan faranti da lambobi huɗu a jere, duk da kilo. A motocin Turai, ta sama ita ce iyakar nauyin motar gaba ɗaya, da mutane da kaya da mai. Ta biyu iyakar nauyi ne idan tana jan tirela. Ta uku mai alamar 1 iyakar abin da tayoyin gaba za su ɗauka, ta huɗu mai alamar 2 na baya. A wasu motocin farantin yana cikin gidan inji. Idan aka cire nauyin motar ita kaɗai daga lambar sama, abin da ya rage shi ne abin da aka yarda a ɗora mata, har da direba. A motar Malam abin da ya rage bai wuce kilo 500 ba, kuma yawancin ƙananan motoci a nan suke, tsakanin 400 da 500 da 'yan kai.

Ku yi lissafin tare da ni. Mutum bakwai, a ce kowa kilo 60, ya zama 420. Tun ba a sa ko allura ba mun kusa cinye rabonmu. Buhu shida masu kilo hamsin-hamsin, 300. Jarka biyu masu lita 25, kusan 50. Robobin gara da jakunkuna, a ce 50. Jimla ta haura 800. Mun ɗora wa motar fiye da rabi a kan abin da aka gina ta ta ɗauka. Kuma ba taya kaɗai ke shan wahalar ba. Birki yana buƙatar tazara mai tsawo kafin ya tsayar da mota mai nauyi, gaban da ya ɗaga yana sa sitiyari ya yi sako-sako, da dare kuma fitilu suna haska idon mai tahowa maimakon hanya.

Sai maganar iska, wadda ita ce ta fi ba ni takaici, domin a gabana aka yi. Abin da ke ɗaukar mota iskar da ke cikin taya ce. Robar jaka ce kawai da ke riƙe ta. Idan iska ta yi kaɗan, gefen tayar yana lotsawa ya miƙe, ya lotsa ya miƙe, sau ɗaruruwa a minti guda. Ku sami waya ta ƙarfe ku yi ta lanƙwasa ta gaba da baya, ku taɓa wurin, za ku ji ya yi zafi kafin ya karye. Abin da ke faruwa a cikin taya ke nan. Wato Malam ya rage iska don gudun zafi, sai ya ƙara wa tayar zafi. Gaskiya ne iska tana ƙaruwa kaɗan idan taya ta ɗumama a hanya, amma masu ƙira sun san da haka, shi ya sa suka ce a auna tun taya tana da sanyi, kuma kada a rage ta don an ga ta hau bayan tafiya. Akwai wata takarda a bakin ƙofar direba ko a cikin murfin tankin mai da ke faɗin iskar da ta dace. A motar Malam layi biyu ne, ɗaya da hoton mutum biyu ko uku, ɗaya da hoton mota cike da mutane da akwatuna. Na cikakken lodi ya fi yawa, musamman a baya. Ranar da ya kamata a ƙara, ranar muka rage.

Wata lambar kuma tana jikin tayar kanta, bayan kalmar MAX, kamar 44 ko 51 PSI. Masu faci da yawa ita suke bi, ni ma ita nake bi a da. Wannan iyaka ce da ba a so a wuce, ba ita ce iskar da motarka ke so ba. Ta ƙofa ake bi. Shi kuwa zane, akwai ƙananan tuddai a cikin ramukansa; idan saman tayar ya cinye har ya yi daidai da su, saura milimita 1.6 ke nan, a cire ta. Wannan kaɗai na sani a da, shi ya sa na ɗauka zurfin zane shi ne lafiyar taya.

'Yan dubiya da suka cika ɗakin Gwaggo kowa cewa yake ƙaddara ce, Allah Ya kiyaye gaba. Na yarda da ƙaddara, kuma ina cewa amin. Amma ina zaune a bakin ƙofa ina tuna cewa 3809 tana rubuce a jikin tayar tun kafin mu tashi, farantin yana jikin ƙofa, jadawalin yana bango. Ba wanda ya ɓoye mana komai. Malam yana da nasa kason, gidanmu da suka ƙi biyan sawu na biyu suna da nasu, kuɗin asibiti kuwa ya ninka na man sau da yawa. Amma a cikinmu duka ni ne na yi shekara goma sha biyu a makaranta ana koya mini karatu.

Yanzu ina aji biyu a jami'a, kuma duk hutu a motar haya nake zuwa gida. Kafin in shiga sai na zagaya na tsuguna a gindin tayoyin baya. Direbobi sukan tambaye ni ko na yar da kuɗi ne. Ba kullum nake iya magana ba, kada in yi muku ƙarya. Wani lokaci ina ganin lodin ya yi yawa amma in shiga, don yamma ta yi kuma ba wata motar. Sau biyu dai na fasa. Na farko an mayar mini da kuɗina. Na biyu kamasho ya ce ai an riga an rubuta, ya kira ni injiniyan taya, 'yan tasha suka yi ta dariya, na bar masa kuɗin na jira ta gaba.

Fiye da shekara ban iya gaya wa Gwaggo cewa ni na zaɓi tayar ba. Hannun ya warke amma bai koma daidai ba. Ba ta iya daka, kuma da sanyi ya shigo yake fara yi mata ciwo. A hutun hunturun da ya wuce na je gaishe ta, na same ta a tsakar gida tana shan hantsi. Na durƙusa, na yi ta kame-kame, daga ƙarshe na ce, "Gwaggo, tayar nan da ta fashe, ni na ɗaura ta. Ni na ce mai kyau ce."

Ta dube ni ta ce, "Ai na sani. Kawunka ya zo ya ba ni haƙuri tun ina asibiti, ya ce laifinsa ne da ya bar ka kai kaɗai a rumfa."

Ban san Kawu ya yi haka ba. Har yau bai taɓa gaya mini ba.

Ta miƙo mini hannun ta ce, "Tunda ka zo, ɗauko man zafin can a kan taga ka shafa mini."